Yadda na tayar da fitilar fetur ta Baffana

Coleman ce ƙirar Amurka, mai lagwani biyu na raga, irin wadda ake yi wa famfo kafin a kunna. Baffana ya saye ta a wajen 'yan gwanjo a Kano, da ita muke ban ruwan tumatir cikin dare a Kadawa. Bana da muka sauko da ita, sai ta ƙi ci sam. Baffa ya ce a saya mata sabon lagwani, ni kuwa na ga gara a fara daga ƙasa, don fitilar nan in babu iska a tankinta, mai ba zai hau ba.

Na murza kan famfon hagu, na toshe 'yar ƙofarsa da babban yatsa, na danna. Ya tafi zuruf, babu turjiya. Da na zaro shi, sai na tarar fatar da ke bakinsa ta bushe ta ƙanƙance, aikin hunturu. Na jiƙa ta a man inji ta kwana, da safe na buɗa gefenta da yatsa a hankali, famfo ya kama. Amma iskar ba ta zama. Na shafa ruwan sabulu a murfin tanki, kumfa ta tashi: robar cikin murfin ta tsage. Kada wanda ya yanko robar tayar keke ya saka a nan, fetur kumbura ta yake yi. Wajen wani dattijo mai gyaran janareta a Kura na samo zoben roba mai jure mai.

Da ta kama, wutar ja ce mai hayaƙi, tana tashi tana faɗuwa. Ashe babban ciwon yana cikin siririn bututun tagulla da ke tsaye tsakanin lagwanin biyu. Zafin wutar ne ke dafa man da ke hawa ta cikinsa ya zama tururi, ya fita ta wata ƙofa da ido da ƙyar yake ganinta. A ciki akwai 'yar waya kamar silin gashi mai share ƙofar. Man bumburutu da muka daɗe muna zuba mata, ga wanda ya kwana a tanki tun bara, su suka bar dauɗa kamar ƙaro suka toshe hanyar.

Na koma wajen dattijon da bututun a hannu. Ya ɗaga shi ya duba, ya ce, "Yaro, kul ka zura masa allurar ɗinki. In ƙofar nan ta buɗe, mai zai yi yawa, fitilar ta koma hayaƙi ke nan." Na ce, "To Baba, da me zan wanke?" Ya fesa masa maganin wanke kafireto, muka goge wayar da tsumma ba tare da ta lanƙwashe ba. Na ɗauraye tanki da sabon mai har tsatsa ta daina fita, kuma yanzu sai na tace mai da ƙyalle nake zubawa.

Sai a ƙarshe na ɗaura sabon lagwani, na ƙone shi ya zama farar toka, ban sake taɓa shi ba. Wanda ya huje a cire shi, don harshen wuta na fita ta ramin ya fasa gilashi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke ɗauka fitilun famfo duk iri ɗaya ne. Tilley ta Ingila da Petromax ta Jamus na kananzir ne, akan ɗumama su da sifirit kafin su kama, kuma zuba musu fetur na iya jawo gobara. Tamu ma ba na buɗe murfinta sai ta huce, a nesa da wuta nake ɗura mata mai, kuma ba na barin yara su shiga da ita bukka su rufe ƙofa, saboda iskar da take fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.