Shayin da na sha da ma'aikacin banki

Wata uku da gama bautar ƙasa ina zaune a gida, na aika takardun neman aiki sun fi a ƙirga, shiru kake ji. Kawuna ne ya ce akwai abokinsa da suka yi makaranta tare, yanzu yana sashen ba 'yan kasuwa jari a wani banki maras kuɗin ruwa a nan Kano. Da zai ba ni lambarsa sai ya ce, "Ba roƙon aiki za ka je ba fa. Ka je ka ji yadda harkar take." Maganar ta yi mini nauyi, domin a lokacin aikin kaɗai nake gani a gabana.

Saƙon da na tura masa gajere ne: gaisuwa, sunan kawuna, abin da na karanta, da roƙon ya ba ni minti 30 duk ranar da ya samu sarari. Bayan kwana biyu ya amsa, ya ce Asabar bayan La'asar.

Kwana biyar gare ni. Tattalin arziki na karanta a Jami'ar Bayero, amma da na zauna na tambayi kaina me mutumin nan yake yi daga safe zuwa yamma, sai na ga ban sani ba. Daga nan na fara. Na koma kan tarihin bankuna marasa kuɗin ruwa: Jaiz ya buɗe a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Na sake karanta murabaha, inda banki yake sayen kayan da kansa ya sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka sani tun farko, shi kuma ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Na duba ijara, inda banki yake sayen kaya ya ba da su haya, da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 don gina hanyoyi. Na kuma karanta umarnin da Babban Banki ya bayar a watan Maris na 2024 cewa bankuna su ƙara jarinsu, wanda ya sa wa bankin da ba ya ta'ammali da ruwa mai lasisin ƙasa baki ɗaya naira biliyan 20.

Tambayoyi 12 na rubuta. Daren Juma'a na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda zan iya samun amsarta a intanet na soke ta. Biyar suka rage. Wannan sokewar ita ta fi komai amfani a shirin da na yi, domin tambayar da ta rage sai wanda ya yi aikin da hannunsa ne zai iya amsa ta. Ƙanwata kuma ta riƙe mini agogo ina gabatar da kaina har na iya faɗa cikin minti ɗaya ba tare da in-ina ba.

Na isa wurin shayin da kusan rabin awa kafin lokaci, saboda ban yarda da cunkoson yamma ba. Takarduna suna cikin ambulan a jaka, na ƙudurta ba zan fito da su ba sai an nema. Da ya iso na miƙe muka gaisa, ya tambayi kawu da mutanen gida, sannan na ce, "Yallaɓai, idan ɗan kasuwa ya kasa biya a kan lokaci, tunda ba a ƙara masa ruwa, ya banki yake yi?"

Sai ya ajiye kofinsa. Ya jawo rasit ɗin da ke kan tebur, ya juya bayansa, ya zana gida uku: dila mai sayar da kaya, banki, da mai shago a Kantin Kwari da ke son dilolin atamfa. Ya ce ko an ci tarar jinkiri, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Saboda haka aikin gaba ɗaya yana kafin a saki kaya ne: a san mutumin, a san cinikinsa, a je shagon a ƙirga hajar da ido. "Matsalarmu," in ji shi, "mutum yana cinikin miliyoyi amma lissafin duk a kansa yake. Yaron da zai iya karanta bayanan asusu, ya iya manhajar lissafi ta Excel, kuma ya iya zama da Alhaji a shago ya yi masa magana da ladabi, shi muke nema."

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Ya fara ba ni labarin yadda mutane suka karɓi sukuk da farko, ni kuma don ya san na yi karatu sai na katse shi da shekarar da adadin kuɗin. Ya ce, "Haka ne," ya kurɓi shayi, ya koma wata magana. Labarin da zai ba ni bai ƙarasa ba, kuma irinsa ba a rubuce yake ba. Sauran zaman na kama bakina.

Da minti 30 suka cika na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da na roƙa ya yi." Ya ɗaga hannu ya ce mu ci gaba, ba mu tashi ba sai da aka kira Magariba. Na yi yunƙurin biyan kuɗin shayin, ya hana. Tambayata ta ƙarshe ita ce wa kuma ya kamata in gani, ya ba ni sunan wata Hajiya da ke sashen tantance haɗarin bashi. Sai a bakin mota ya ce in turo masa takarduna.

A daren na tura masa godiya, na ambaci zanen nan na bayan rasit. Bai yi mini alkawarin aiki ba. Tun ranar Litinin ɗin da ta biyo nake zuwa shagon wani ɗan'uwanmu a Kwari ina shigar masa da cinikinsa na kullum a kwamfuta. Hajiyar ta ba ni ranar Alhamis, kuma zuwa yanzu tambayoyi uku ne suka tsira daga sokewa.