Nauyi Kafin Launi: Yadda Nake Zaɓen Nimf a Kogi

Mai fatsa da ƙwaron hannu, wato wanda ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da gashin tsuntsu da zare, yakan fi sha'awar wanda ke yawo a saman ruwa, domin da idonsa yake ganin kifin tirawut ya taso ya cafke shi. Sai dai mafi yawan abincin wannan kifi a ƙarƙashin ruwa yake, inda 'ya'yan ƙwari, waɗanda masu sana'ar ke kira nimf, suke shafe watanni a maƙale da duwatsu da ciyayi kafin su yi fiffike. Wanda ya fara tsayawa tsayin daka a kan fatsa da ƙwaron hannu mai kwaikwayon nimf a Ingila shi ne G. E. M. Skues, lauyan da ya yi shekaru yana kamun kifi a kogin Itchen kusa da Winchester, kuma tun daga littafinsa na 1910 ya sha suka daga mabiya Frederic Halford, waɗanda ke ganin ƙwaron saman ruwa kaɗai ya dace da koguna irin Itchen.

A yau matsalar ta koma ta yawan zaɓi, domin kantuna cike suke da nimf na hannu iri-iri, har sabon shiga ya rasa inda zai sa hannu. Ra'ayina shi ne a fara da nauyi, sannan girma, launi kuwa ya zo daga baya. Ruwan da ke gab da ƙasan kogi ya fi na sama tafiya a hankali saboda duwatsu suna tare shi, kuma a nan kifi yake fakewa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa ba tare da ya wahala ba. Nimf ɗin da ya wuce ta saman kansa da nisa, komai kyawun ɗaurinsa, da wuya kifin ya bar mafakarsa ya bi shi, musamman a lokacin sanyi.

Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a yankin Wiltshire, ya fahimci haka sarai, kuma nimf ɗinsa mai suna Pheasant Tail, wanda ya bayyana a littafinsa na 1958, shi ne abin da na fi amincewa da shi har yanzu. Abu biyu kawai ya yi amfani da su: 'yan silin gashin wutsiyar tsuntsun fezan da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda ta tsaya a madadin zare kuma ta ba shi nauyin nutsewa. Bai sa masa ƙafafu ba, domin ya lura cewa nimf mai iyo yakan naɗe ƙafafunsa a jikinsa. Wannan lura ta mutumin da ya daɗe yana duban ruwa tana burge ni ƙwarai. A ruwa mai garau da tafiya sannu, ƙaramin Pheasant Tail a ƙugiya mai lamba 16 ko 18 (a wannan lissafi, girman lamba ƙanƙantar ƙugiya ne) yakan isa, musamman idan aka ɗaga sanda kaɗan a daidai gaban kifin har nimf ɗin ya yi kamar zai tsere sama.

Kogi mai duwatsu da ƙarfin gudu kuwa wani abu yake buƙata. A nan ne ƙwayar tangistin da ake sa wa a kan ƙugiya take da amfani, domin ƙarfen ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu, ta yadda ƙwayar da ba ta wuce ta dawa ba takan kai nimf ƙasa kafin ruwa ya janye shi. Nimf mai suna Perdigón na masu fatsar Sifen an yi shi ne siriri, an shafe shi da gam mai santsi domin ya ratsa ruwa da sauri. Hare's Ear, wanda ake yi da gashin fuskar zomo, akasin haka yake: buzu-buzu ne, yana nutsewa a hankali, kuma yana kama da ƙwari da dama ba tare da ya zama ɗaya daga cikinsu ba.

Kafin in ɗaura komai nakan ɗago dutse daga inda ruwa ke gudu in juya shi. Wani lokaci in ga nimf masu faɗin jiki suna rugawa gefe, wani lokaci in tarar da tsutsotsin da suka gina wa kansu kube da yashi da ƙananan tsakuwa. Tsawonsu da duhunsu nake dubawa, kuma sau da yawa sun fi abin da ke cikin akwatina ƙanƙanta. Idan na jefa sau da dama a wurin da na tabbata akwai kifi ban ji komai ba, nauyi nake fara canzawa, in ƙara har sai ƙugiya ta riƙa taɓa ƙasa jefi-jefi tana ɗauko ɗan gansakuka, in kuma tana maƙalewa a kowace jifa sai in rage.