Inda nauyin manhaja yake ɓuya

A aikin rage girman manhajojin Linux, musamman waɗanda ake zubawa a kwantena (keɓaɓɓen mazubi da manhaja ke gudana a ciki tare da abin da take buƙata), na ga da wuya shirin kansa ya zama shi ne mai cinye wuri. A Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, kowane ƙunshin manhaja (package) yana da layin Installed-Size da ke faɗin wurin da zai ci a faifai. In ka jera su da umarnin dpkg-query daga babba zuwa ƙarami, waɗanda ke sama galibi ba kai ka nema ba, rakiya suka yi.

Tun Debian 5.0 ta 2009, apt, shirin saka manhajoji, yana ɗauko ƙunshin da aka ba da shawararsu ba tare da ya tambaye ka ba. Ka gayyaci mutum ɗaya biki, ya zo maka da unguwa. Ƙara --no-install-recommends kaɗai ya sha rage mini fiye da abin da kwana guda na share fayiloli da hannu zai rage. Sharar hannu ma ba ta ɗorewa, sabuntawa ɗaya ke dawo da komai. Abin da ke ɗorewa shi ne a gaya wa dpkg, shirin da ke zuba fayilolin ƙunshi a faifai, tun farko, ta hanyar path-exclude, kada ya zuba takardun bayanin da ke /usr/share/man da /usr/share/doc. Sai dai fayil ɗin copyright a bar shi, domin lasisin manhajar yana ciki. Haka Ubuntu ta yi a ƙaramin tsarinta na 2018, har ta ajiye umarnin unminimize ga wanda ya so a maido masa kayansa.

Alpine kuwa, wani nau'in Linux, tushe ta canza: ta ɗauki musl a madadin glibc (ginshiƙin da yawancin shirye-shiryen Linux ke dogaro da shi), da BusyBox mai haɗa umarnai da yawa a ƙaramin shiri ɗaya, hotonta na kwantena bai wuce 'yan MB kaɗan ba. Abin sha'awa ne, amma shirin da aka gina don glibc yakan ƙi tashi a can, lokacin da ka yi tattali sai ya tafi wajen gyara.

Wurin da na fi taka-tsantsan shi ne harsuna. Fayilolin harshe na da nauyi, kuma su ake fara kai wa wuƙa, don mai yankan da Turanci yake aiki, ba zai ji zafin ba. Alhali glibc na ɗauke da ha_NG, saitin harshe na Hausa. A ganina Fedora ce ta fi dacewa: a sigarta ta 24, a 2016, ta raba harsunan glibc zuwa ƙananan ƙunshi, kowa ya ɗauki nasa. Mai sabar (server) ya tsaya a glibc-minimal-langpack, mai buƙatar Hausa ko Larabci kuma ya saka nasa da umarni ɗaya. Shi ya sa yanzu idan aka kawo mini ƙunshi mai ƙiba, nakan fara duba ko zai rabu gida biyu ko uku kafin in yarda a cire wani abu daga cikinsa.