Skyrim ba ya manta mod ɗin da aka cire masa

Wasan Skyrim ya fito a watan Nuwamba na 2011, kuma abin da ya riƙe shi da rai a kwamfuta har yau shi ne aikin masoyansa, waɗanda suke ƙera masa sababbin garuruwa da makamai da abokan tafiya suna ɗorawa kyauta a shafin intanet na Nexus Mods, musamman tun da aka saki manhajar ƙera irin waɗannan abubuwa, Creation Kit, a 2012. Saka waɗannan gyare-gyare, da ake kira mod, bai ba ni wahala ba: manhajojin taimako sun yi aikinsu, Mod Organizer 2 ya ware wa kowanne wurinsa, LOOT ya jera su, SKSE kuma, wanda wasu mod ke buƙata kafin su yi aiki, ya zauna lafiya. Asarar da na tafka ta zo ne ta wajen cirewa, abin da na ɗauka shi ne mafi sauƙi.

Akwai wani mod da ke sa sanyi ya kama ɗan wasa, ƙanƙara ta riƙa cin gefen allo har sai an nemi wuta. Da na isa yankin Winterhold, inda dusar ƙanƙara ba ta ɗaukewa, sai ya gundure ni, na kashe shi daga jerin, na ci gaba da ajiyar da na yi nisa a kanta, wato fayil ɗin da ke riƙe da inda na tsaya a wasan. Wasan ya buɗe sumul, kuma wannan ne ya yaudare ni, domin da ya faɗi nan take da na mayar da mod ɗin an wuce wurin. Sai da aka ɗauki lokaci alamu suka fara bayyana: in ja marikin da ke ɗaga ƙofar kurkuku, ƙofar ta yi shiru kafin ta motsa, abokiyar tafiyata ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar faɗa da takobi a hannu, daga baya wasan ya koma rufe kansa duk sanda na fita daga gari.

Dalilin, kamar yadda tsofaffin hannu suka bayyana mini, shi ne cewa umarnin da ake rubuta wa mod da Papyrus, harshen kwamfuta na wasan, yana shiga cikin fayil ɗin ajiya ne, ba ya tsayawa a cikin mod ɗin kaɗai. Idan aka cire mod, ragowar umarnin na nan maƙale, yana neman abubuwan da babu su. Kowace ajiya da na yi bayan ranar ta gaji wannan cuta, tsofaffin kuma na riga na rubuta sababbi a kansu. Na gwada ReSaver, manhajar gyaran fayil ɗin ajiya, wanda ya nuna mini dogon jerin umarnin da suka zama marayu, na share su, wasan ya ɗan samu sauƙi, amma wani aiki da nake tsakiyarsa ya cije har abada. Haka na haƙura da jarumin da na yi rainonsa tun daga Helgen, garin da wasan ke farawa.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne mai mod ɗin ya tanadi maɓallin dakatar da shi daga cikin wasan kafin a cire, sai dai bayanin yana can ƙasan dogon rubutu. Ba na ganin laifinsa sosai, tun da aikin sa kai yake yi.

Yanzu ina raba mod gida biyu. Waɗanda ke sauya kamannin dutse ko sulke kawai, ana iya sakawa a cire ba fargaba. Duk wanda ke ɗauke da umarni kuwa, sai na gwada shi a wani jarumi na daban tukuna, domin da zarar ya shiga babbar ajiya to ya zauna ke nan har ƙarshen wasan. Kafin kowane sauyi kuma ina yin ajiya da hannuna, in kwafe ta zuwa wani wuri da wasan ba ya taɓawa.