Godiya ga waɗanda suka riƙe mana ƙanenmu

Assalamu alaikum. Juma'ar da ta wuce mun yi saukar Alƙur'ani da ƴar walima a gidanmu na unguwar Zariya a nan Maradi, kuma da dama cikin waɗanda suka zo ba su san dalilin taron ba. Ƙanena ne Allah ya raba da giya, tun kafin azumin bara bai sake kai ta baki ba. Shi ya ce in rubuta, sharaɗinsa kawai kar in kama sunan kowa.

Bayan godiya ga Allah, sai Inna da ba ta taɓa yi masa baki ba, da matarsa da ta zauna lokacin da danginta ke cewa ta kwaso kayanta. Allah ya saka musu da Aljanna.

Majon asibitinmu, wato shugaban ma'aikatan jinya, mun gode. Lokacin da wasu dangi suka kawo shawarar a kulle shi a ɗaki har giyar ta fita jikinsa, kai ka hana. Ka faɗa mana cewa wanda ya yi shekaru yana sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da zufa za su fara, wani har ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a kwana na 2 ko na 3 kuma yana iya ruɗewa ya riƙa ganin abin da babu. A nan ne mutanenmu ke cewa iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya, alhali abin yana kisa. A gado aka kwantar da shi, aka ba shi maganin da ke kwantar da jiki da bitamin B1, har ya wuce wannan gaɓa.

To amma fitowa daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Mutum ya dawo gida, magariba ta yi, ina zai zauna? Fadarsu ta da, inda suke zaman hira da abokai, can aka koya masa. Kuma a Maradi ba za ka ga allo an rubuta "nan masu barin giya ke taruwa" ba. Mai sha ɓoyewa yake, wanda ya bari ya fi shi ɓoyewa, don yana da ƴaƴan da zai aurar. Mun yi ta tambaya a kaikaice, kowa sai ya ce Allah ya shirya, ya kauda kai. Majo ne dai ya kira ƙanena gefe, ya haɗa shi da wani dattijo, tsohon malamin makaranta.

Baba Malam, kai da abokan zamanka ne asalin dalilin wannan saƙo. Mutane ne ƙalilan, kowannensu ya sha ya bari, ko yana kokawar bari. Sukan haɗu sau ɗaya a mako bayan isha'i, a dafa shayi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Ba a karɓar ko dala, ba a yi wa kowa faɗa, abin da aka faɗa a nan kuma ba ya fita. Baba Malam ya ce tsarin ya samo shi ne daga Alcoholics Anonymous, ƙungiyar da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, ya kuma riƙa shiga tarukansu na Faransanci ta intanet kafin ya tara nasa mutanen. Ba sa cewa ka yi alkawarin har abada. Cewa suke: yau dai kar ka sha, gobe mu sake magana.

Ni ban taɓa shiga zaman ba, ba a kai dangi. Abu ɗaya ƙanena ya ba ni labari. Daren farko hannunsa na karkarwa, sai mai zuba shayi ya ba shi rabin kofi don kar ya zube, sauran ma duk ya zuba musu rabi-rabi, ba wanda ya ce uffan.

Wa'azi kam ya sha shi, ya san ayar Suratul Ma'ida sarai. Abin da ya rasa shi ne wanda zai kira a sallula ya ce "yanzu haka raina ita yake so", a amsa masa da "kana ina, ga ni nan". Wannan sai wanda ya ɗanɗana. Akwai ɗan kabu-kabu a cikinsu da yakan ɗauko shi daga kasuwa, ya yi dogon zagaye da man babur ɗinsa don kar su bi ta layin mashayar. Ɗan'uwa, Allah ya buɗa maka.

Liman, mun gode da hudubar da ka kawo hadisin mutumin da aka hukunta kan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Ranar ce ƙanena ya daina tsayawa a sahun ƙarshe.

Wanda ke da irin wannan a gidansa, ya fara da asibiti, ya kuma tambayi ma'aikacin lafiyar a keɓe ko ya san masu irin wannan zama. Ko ya aiko mini saƙo ta ciki in miƙa wa Baba Malam, shi zai nemi mutumin da kansa. Waɗanda har yanzu ke ciki, Allah ya kawo musu mafita.