Yadda nake jera kaya a shagona

Sana'ata kai kayan gwari da na marmari gidajen abinci a nan Kaduna. Da asuba nake sarowa a Bakin Dogo, yarana su tsince su ware, mu ɗora wa mai keke kafin rana ta ɗaga. A wurin mai saye kaya iri biyu ne, na miya da na sha. Ni ba haka nake jera su ba, domin ruɓewa ba ta san wannan rabon ba.

A ilimin tsirrai, duk abin da ya fito daga fure kuma yake ɗauke da iri a cikinsa ɗan itace ne. Ke nan tumatir, attaruhu, tattasai, kuɓewa, yalo da kabewa dangin mangwaro da gwanda ne. Alayyahu da kabeji ganye ne, karas saiwa ce, albasa kuwa gindin ganye ne da ya yi kauri ya nannaɗe. A Amurka batun tumatir har Kotun Ƙoli ya kai a 1893 saboda harajin shigo da kaya. Alƙalai suka ce tunda da abinci ake cin sa, a karɓi harajinsa a matsayin kayan lambu. Hukuncin 'yan kasuwa suka yi, ban ga laifinsu ba.

Ga inda abin yake taɓa aljihu. Tumatir, ayaba, mangwaro da gwanda suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, suna fitar da wata iska mai suna etilin. Ka kulle kwandon nunannen tumatir da kabeji ko kokwamba a ɗaki ɗaya, sai ka tarar iskar nan ta sa kabejin ko kokwambar sun soma rawaya. Shi ya sa nake ware wa su tumatir wuri mai shan iska, kuma na Hajiyar da za ta yi girki jibi ina zaɓar mata mai sauran ƙarfi. Lemo da kankana kuwa ba sa ƙara zaƙi bayan an cire su. Duk dillalin da ya ce maka “ajiye, za ta yi,” sallame shi.

Ganye ƙishirwa ce ke kashe shi, sai inuwa da jiƙaƙƙen buhu. Albasa kuma ruwa ne ajalinta, da ta ji danshi sai tsiro ko ruɓa. Sabon yaro in ya zo, da zuciya ɗaya yake yayyafa wa komai ruwa, don haka makon farko ba na barin bokiti a hannunsa.