Yafe wa direba daban, diyyar inshora daban

A Damagaram in mota ta buge mutum, tun jini bai tsaya ba ake soma zancen haƙuri. Dangin direba su zo da dattijon unguwa, a biya takardar magani ta farko, a ce ƙaddara ce, mai rauni ya ce ya yafe. Ban ƙi wannan ba, tarbiyyarmu ce. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancinmu mun ɗauka yafewar nan ta rufe maganar diyya, alhali kuɗin ba daga aljihun direba za su fito ba.

Kawuna ɗan ga-ruwa ne. Yana tura kurarsa a kan hanyar Tanut wata mota ta kwashe shi, ƙafa ta karye gida biyu. Mutumin da abincin gidansa ke ƙafarsa! Da na yi masa maganar inshora sai ya ce, "Ɗana, kada ka sa a ɗaure bawan Allah saboda ni." Na ce, "Kawu, ba ɗauri muke nema ba. Mai motar nan yana biyan kamfani kuɗi ne domin rana irin wannan."

Nijar na bin dokar inshora ta CIMA (ƙungiyar da ke kula da harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka), wadda ta fito daga yarjejeniyar da ƙasashen suka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Ta wajabta wa duk abin hawa mai inji inshorar da za ta biya wanda aka ji wa ciwo. Mai tafiya a ƙasa ko fasinja, ko da an ce shi ya yi ganganci, ba a hana shi diyyar raunin jikinsa, sai fa in da gangan ya jefa kansa. An kuma ɗiba wa kamfani wa'adi daga ranar hatsari ya gabatar da tayin abin da zai biya.

Amma duk wannan a kan takarda yake tsayawa. A bari 'yan sanda, ko jandarmomi in bayan gari ne, su zo su auna wurin su rubuta rahoto kafin a janye mota. A karɓi takardar likita ta ranar farko, wadda ta faɗi raunin da kwanakin da mutum zai yi ba aiki. Rasit na famasi, hoton ƙashi, kuɗin gado, ko na jika guda ne, innata ta adana su cikin leda a ƙasan akwati, kuma su suka yi mana rana. Masu ɗaukar majinyaci daga asibiti su kai wa mai ɗori tun likita bai rubuta komai ba, su sani hujjarsu suke zubarwa.

Babura da yawa a garin nan ba su da inshora, nan kam sai an bi mai babur ɗin, sulhu ko kotu.

In tayi ya zo, kada a sa hannu don gajiya. A samu wanda ya iya faransanci ya karanta shi layi-layi, musamman abin da likitan kamfani ya ƙiyasta na naƙasar da ta rage. Wanda ya sa hannu ya ga an kware shi, yana da kwana 15 ya janye a rubuce. Wanda kuma hatsarinsa ya kwana biyu yana zaune da ɗingishi, doka ta ba shi shekara 5 daga ranar da abin ya faru, ya nemo lambar motar ya je ya tambayi rahoton.